Tambaya da Amsa: Ina zan samu ragar tare tartsatsi ta tsohon murhun ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Gidan da muka koma mun tarar da wani tsohon murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki, irin mai cin itace ɗin nan, ƙofa biyu gare shi kuma lafiyarshi ƙalau, to ni ina son in riƙa buɗe ƙofar muna kallon wutar amma tartsatsi yake watsowa har ya huda min kafet. Na yi odar raga a intanet ta zo ba ta zauna ba, gefe ɗaya gajere. Ya zan yi in samu wadda za ta yi daidai? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, sannu da asarar kafet. Matsalar ita ce kin sayi ragar da ido, kuma kusan kowa haka yake farawa, ya ga hoto ya ce ai kamar za ta yi. Ragar murhu ba kamar wadda ake jinginawa a gaban wuta ba ce, cikin bakin murhun take shiga ta maƙale, shi ya sa kowane samfuri da tashi.

Fara neman sunan murhun tukunna. Ki leƙa bayanshi da tocila ko akwai ɗan farantin ƙarfe mai suna da lamba, in babu, don tsofaffi da yawa ba su da shi, ki duba cikin ƙofar ko gefe, galibi ana zuba sunan a jikin ƙarfen tun wajen ƙira. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba fa. Misali Vermont Castings na Amurka sun fitar da Defiant a 1975, Vigilant a 1977, kamfani ɗaya amma baki daban, ragar wannan ba ta zama a wancan. Haka murhunan kamfanin Fisher masu ƙofa biyu, samfurin Grandpa Bear ya fi Grandma Bear faɗi. In kin samu suna da lamba sai ki nemi ragar a wajen masu sayar da kayan gyaran tsofaffin murhu ko 'yan gwanjo, ki ce a turo miki awo kafin ki tura kuɗi.

Ni dai a ganina kada ki ɓata wata da watanni kina farautar ta asali, ki sa a ƙera miki kawai. Ki bari murhun ya huce, ki auna faɗi sama da ƙasa, tsayi hagu da dama, saboda tsohon ƙarfe da ya sha wuta shekara da shekaru yana ɗan karkacewa, sannan ki yanka kwali daidai bakin ki gwada har ya zauna ba kafa, ki ɗauki hoton inda sakatar ƙofar take kamawa, ki kai wa maƙeri ko mai walda duka. Firam na ƙarfe, raga mai ƙananan ido kamar milimita 6 ko ƙasa da haka, da mariƙi na naɗaɗɗiyar waya don kar ya ƙona hannu. Ki ja mishi kunne kan abu biyu: ban da alminiyam, yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ban da wayar nan mai sheƙi irin ta keji da aka shafa wa zinki, in ta ji wuta hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A yi ta da baƙin ƙarfe ko wanda ba ya tsatsa.

Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan, wato shi murhun an yi shi don a kunna da ƙofa a buɗe? Masu ƙofa biyu da yawa eh, amma ba duka ba. Ki gwada da 'yar wuta kaɗan, marfin da ke hanyar bututun hayaƙin a buɗe gaba ɗaya, in kika ga hayaƙi yana lallaɓowa ɗaki to ki haƙura da kallon wuta, don tare da shi iskar nan mai guba marar wari, wato carbon monoxide, take shigowa. Ki sa na'urar da ke yin ƙara in ta ji wannan iskar, ko da raga ko babu.

Kuma ƙofa ko dai a buɗe sosai da raga ko a rufe ruf, rabi da rabi yana zuga wutar ta yi zafin da ya wuce kima. In ƙofa a buɗe take za ki ga itace yana saurin ƙarewa ɗakin kuma bai kai ɗumin da ba, haka abin yake, iskar ɗakin ce bututu yake zuƙewa. Raga tartsatsi take tarewa, ba ta tare gungumen da ya gangaro, kuma tana zafi sosai, a kula da yara. Kafet ɗin nan ki janye shi, ki shimfiɗa tayil ko farantin ƙarfe kamar santimita 45 a gaban murhun, in za ki kwanta ko za ki fita ki cire ragar ki rufe ƙofa.