Amsa ga Hajiya kan inshorar yaron da ya ci jarabawar tuƙi a Birmingham

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka, ya tsare shi a kan hanya. Na ga tambayarki tun da safe ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Kin ce yaronki ɗan shekara 18 ya ci jarabawar tuƙi, kun nemi farashin inshora an yanka muku sama da fam 4,000 a shekara, kuma mutum biyu sun kawo miki mafita: ɗaya ya ce ki yi inshorar da sunanki ki liƙa yaron a matsayin direba na biyu, ɗayan ya turo miki lambar wani a WhatsApp da ke haɗa inshora a rabin kuɗi. Na bi ta wannan hanyar da 'ya'yana biyu a nan Leicester. A kan na farkon na sha wuya, a kan ta biyun na riga na waye.

Abin da ba ki faɗa ba shi ne ko kun riga kun sayi motar. In ba ku saya ba, don Allah ku dakata. A nan ne ni na tafka nawa kuskuren. Wani abokin aikina ya sayar min da mota mai injin lita 1.6 a kan fam 1,800, na ga arha, na biya na kawo gida ina murna. Da muka zauna neman inshora da daddare, mafi sauƙin abin da ya fito ya kusa ninka kuɗin motar. Na yi ta mita, wai yaya za a ce kariyar abu ta fi abin tsada. Daga baya na gane ashe kamfanin ba motar yake kallo ba. Wanda yaron zai iya bugewa yake kallo. Dokar ƙasar nan ba ta sa iyaka ga diyyar rauni ko rai ba, in yaro ya nakasa wani a hanya, kamfanin ne zai ɗauki jinyarsa da asarar aikinsa, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. Mu da muka taso a gida mun saba da inshora a matsayin takardar nuna wa jami'an hanya. Ko da aka ƙara kuɗin a Janairun 2023 ya koma naira 15,000, farashi ɗaya ne ga tsoho da yaro. A nan kuwa shekarunka, unguwarka, sana'arka, inda motar ke kwana, har da tsawon zamanka a ƙasar, duk ana sa su a ma'auni.

Motocin da aka saba saya na hannu an kasa su rukuni-rukuni na inshora daga 1 zuwa 50, ƙaramin lamba shi ne mai sauƙi. Irin su Volkswagen Up, Skoda Citigo, Hyundai i10, Kia Picanto, Toyota Aygo da 'yan'uwanta Citroën C1 da Peugeot 107, yawanci suna can ƙasa. Yaro zai ɓata rai, zai ce motar kaka ce. Ki bar shi ya ɓata. Dabarar ita ce ku shiga Auto Trader, shafin sayar da motoci, ku ɗebi lambobin motoci huɗu ko biyar da ake sayarwa, ku saka kowace a shafukan kwatanta farashi, Compare the Market, Confused.com, MoneySuperMarket ko GoCompare, ku ga abin da zai fito kafin ku ba kowa sisi. Kada a tsaya a shafi ɗaya, don ba kamfanoni iri ɗaya ne a kansu ba. Kuma a guji motar da aka yi wa ƙari, sauyin salansa ko ƙafafu ko baƙin gilashi, domin dole a faɗa, kuma faɗar tana ƙara kuɗi.

Yanzu ga shawarar farko da aka ba ki. Hajiya, kada ki yi. In yaron ne zai riƙa tuƙa motar kullum zuwa makaranta ko aiki, amma aka rubuta ke ce babbar direba, zamba ce a idon doka, ba wayo ba. Ranar da ba a yi hatsari ba babu mai tambaya. Ranar da aka yi, za su bincika wa ke da motar, ke kina da wata motar ko babu, ina take kwana, wa ke zuba mai. In sun gano, suna iya soke inshorar kamar ba a taɓa yin ta ba, su biya wanda aka buge sannan su biyo ku da kuɗin. Abin da ya fi ciwo, duk fom ɗin inshora da za ki cika nan gaba akwai tambayar ko an taɓa soke miki inshora, kuma ke ce za ki riƙa amsa eh, ba yaron kaɗai ba. Abin da yake halas, kuma yana aiki, shi ne a juya lamarin: yaron ya zama babban direba, ke ko mahaifinsa a saka ku a matsayin ƙarin direba, matuƙar da gaske kuna iya taɓa motar lokaci-lokaci. Ni da na saka sunana da na maman yara a inshorar 'yata, ɗaruruwan fam suka sauka nan take. Ku gwada da mutum ɗaya, ku gwada da biyu, ku ga wanne ya fi.

Shi kuwa mai WhatsApp, ki goge lambarsa. Dillalan bogi ne, kuma irinmu baƙi suke farauta, ta masallaci da coci da rukunonin 'yan gari, sau da yawa da yarenka za su yi maka magana har ka saki jiki. Aikinsu iri uku ne: ko su buga maka takardar jabu, ko su sayi inshora ta gaske da bayanan ƙarya, su ƙara wa yaro shekaru su kai adireshinsa wani ƙauye mai arha, ko su saya da gaskiya sannan su soke bayan mako biyu su karɓe kuɗin. Wani yaron maƙwabtanmu haka aka yi masa. Bai san komai ba sai da kyamarar 'yan sanda ta karanta lambarsa aka tsayar da shi, aka ɗauke motar a gabansa. Tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce da maki 6 na hukunci a lasisi. Shi kuma sabon direba, in ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarabawa, lasisin ya tafi, sai ya sake zana ta rubutu da ta tuƙi daga tushe. Cewa yaudarar sa aka yi bai dawo masa da komai ba. Duk wanda zai sayar miki da inshora, ki duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, bayan an saya kuma a duba lambar motar a askMID, shafin da ke nuna ko mota na da inshora, a tabbatar ta shiga. Wannan maki 6 ɗin, ki ja wa yaron kunne, riƙe waya a hannu yana tuƙi sau ɗaya tak ya isa ya kawo shi.

Abin da ya fi rage mana kuɗi bayan sauya mota shi ne baƙin akwati. Wata 'yar na'ura ce da ake maƙalawa a mota, wasu kamfanonin kuma manhaja ce a waya, tana lura da gudu, taka birki, shan kwana da lokacin da ake tuƙi. Da ita da ƙaramar mota mai injin 1.0, 'yata ta biya ƙasa da rabin abin da yayanta ya biya. Amma ku karanta sharuɗɗan dare da kyau. Ɗana da ya koma kan akwatin a shekararsa ta biyu, watan azumi ya zo, yana kai mu tahajjud yana dawo da mu ƙarfe uku na dare, sai ga saƙon gargaɗi cewa makin kyawun tuƙinsa a wurin kamfanin ya faɗi. Na kira na yi bayani, wadda ta ɗauka ta saurare ni da ladabi, ta ce na'ura ba ta san dalili ba, lokaci kawai ta sani. Goman ƙarshe a motata muka ƙarasa. In yaronki zai yi aikin dare, wannan shi ne abu na farko da za ku tambaya, domin gargaɗi in ya taru ana iya soke inshorar, mun koma kan waccan tambayar ta fom.

Akwai ƙananan abubuwa da na koya da kuɗina. Kada ku ɗauka inshorar da ke biyan wanda aka buge kaɗai ita ce mai arha. Sau da yawa cikakkiyar, mai gyara har motarku, ta fi sauƙi, don kamfanoni sun lura masu ganganci ne ke rububin ƙaramar. Ranar farawa ma tana da tasiri: wanda ya ce yau-yau yake so ana tsawwala masa, wanda ya sa kamar mako uku gaba yakan samu ragi, saboda haka ku tsara ranar karɓar mota da wannan a zuci. Kason da za ku biya daga aljihu in an yi hatsari, ana iya ɗaga shi don farashi ya sauka, amma ku tuna akwai na dole da suke ɗora wa matasa a kai, ku haɗa biyun ku ga ko yaron zai iya fitar da su rana tsaka. Biyan wata-wata kuwa bashi ne mai kuɗin ruwa, an rubuta a jikin takardar. Mu dai saboda ruwan da saboda tsadar, adashen maman yara muka jira ya zo kanta muka biya gaba ɗaya. Kwas ɗin Pass Plus na sababbin direbobi, na aƙalla awa shida, yana da amfani don sabawa da babbar hanya da tuƙin dare, amma ni ban ga ragin da ya kai kuɗinsa ba, don haka kada ku yi shi da niyyar arha.

Sai maganar abin da za a yi da motar. In zai je aiki da ita, a zaɓi wadda ta haɗa da zuwa aiki. In kuwa yana tunanin kai abinci gida-gida da yamma kamar yadda yaranmu suke yi, wannan inshora ce daban gaba ɗaya, ta yau da kullum ba ta ɗauke shi ba. Haka in ya tafi jami'a a wani gari da motar, adireshin inda take kwana za a ba su, ba na gidanki ba.

Shekarar farko ce mai zafi. In ya gama ta da sunansa ba tare da neman diyya ba, ya samu rangwamen shekara ɗaya, farashin ya fara gangarowa, kuma wannan rangwamen ne yaron da aka ɓoye a bayan sunan mahaifiyarsa yawanci ba ya tarawa. Wani abu da za ki duba yau ɗin nan: in yana da inshorar ɗan koyo a kan motarki, irin ta wucin gadi, ta daina aiki tun lokacin da aka ce masa ya ci, kada ya taɓa sitiyarin sai an yi sabuwa. In kun fitar da motocin da kuke dubawa, ki rubuto sunayensu da girman injin a nan, zan gaya miki wacce zan fara gwadawa. A gaida Alhaji da sabon direba.