Ga mai son shiga injiniyan kanikanci ta hanyar kwaleji a Amurka

Ƙanina, ka ce kana so ka fara da ƙaramar kwaleji ta shekara biyu saboda kuɗinta da sauƙi, daga baya ka koma jami'a ka ƙarasa digirin injiniyan kanikanci, kana tambaya ko hakan na yiwuwa. Yana yiwuwa sosai, mu nan Texas da yawa ta nan suke bi, daga Lone Star College su wuce Jami'ar Houston ko Texas A&M, kuma digirin da za a ba ka iri ɗaya ne da na wanda ya fara can tun ajin farko.

Amma ka zaɓi jami'ar da kake hari tun kafin ka yi rajistar kwas ko ɗaya, ka nemo jerin abin da sashen injiniyansu ke karɓa, shi za ka bi. A nan yaranmu ke asarar shekara guda wallahi, kuma abin na damuna, mutum ya tara kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas) yana murna sai a ce masa rabi ba su shiga lissafin digirin ba. Misali fiziks iri biyu ne, PHYS 1401 da PHYS 2425, na biyun mai amfani da lissafin kalkulas shi injiniya ke buƙata, na farkon ko A ka ci ba zai maye gurbinsa ba. Haka kwasa-kwasan koyon sana'a na shirin AAS, wato shaidar sana'a ta shekara biyu, suna da amfani wajen samun aiki amma yawanci ba sa bin ka jami'a.

Lissafi kuwa shi ne ƙashin bayan abin. Kwasa-kwasan kalkulas uku ne, MATH 2413, sai 2414, sai 2415, ba a tsallake ɗaya, kuma sai ka yi nisa a cikinsu za a bar ka ka ɗauki kwas ɗin injiniyan kanikanci ENGR 2301. In jarrabawar tantance matakinka da kwaleji ke yi ta mayar da kai aljebra to shekara biyun nan ta zama uku, don haka tun kana gida ka zauna da littafin Further Maths ɗinka ka goge shi da kyau, kar ka dogara da sakamakon WAEC kawai.

Ka tabbatar digirin yana da amincewar ABET, hukumar da ke tantance ingancin digirin injiniya a Amurka. Matsakaicin makinka ma ka riƙe shi sama da 3.0 cikin 4.0, gurbin kanikanci ana rububinsa.

Maganar biza: da bizar ɗalibai ta F-1 dole kiredit 12 duk zango, aiki cikin makaranta kawai sai dai da izini na musamman, awa 20 a mako lokacin karatu, ba zai biya maka kuɗin makaranta ba, kuma kuɗin jami'a ya fi na kwaleji nesa ba kusa ba, ku yi wannan lissafin da Baba tun yanzu. Lokacin komawa jami'a ofishin ɗaliban waje na kwaleji zai tura bayananka na SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnati, jami'a ta ba ka sabuwar I-20, takardar shaidar ɗalibi ta biza. Dokokin biza suna yawan canzawa, ka duba shafin ofishin jakadancin Amurka kafin ka biya ko sisi. Turo min makinka na lissafi da fiziks in gani.