Tambaya da Amsa: Na ɓata dare ina haɗa afish, iyaye ko buɗewa basu yi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari. Ni malama ce a wata islamiyya nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ni aka ɗorawa haɗa sanarwa tunda ni ce na ɗan iya Canva, manhajar nan ta tsara hotuna. Wancan watan mun kira taron iyaye kan gyaran rufin aji kafin damina ta sauka, na zauna kusan dare guda na haɗa afish, wato hoton sanarwa, mai kyau da furanni da hoton masallaci da aya a sama, na tura gurup ɗinmu na WhatsApp, amma ranar taro mutum 11 kawai suka zo, sauran kowa sai yace bai gani ba. Wallahi abin ya min ciwo. Yanzu ga walimar sauka na tafe, dan Allah ya zanyi? Daga ƙanwarka a Garwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alkhairi. Ki fara cire zargi a ranki, da yawa cikin waɗanda suka ce basu gani ba gaskiya suka faɗa. Mutanenmu da dama sun kashe saukar hoto da kansa a WhatsApp saboda mega, ko MTN ne ko Orange kuɗi ake sawa, to abinda ya iso wayarsu wani dishi-dishin hoto ne da kibiya a tsakiya, sai an danna zai buɗe, kuma uwar dake tsaye kan murhu ga goyo ga ƴan lekol sun dawo suna neman abinci, ko baban dake kan mashin yana neman na cefane, cewa zai yi anjima na duba, anjiman nan kuma saƙo hamsin ya hau kai, ga barka da Juma'a ga tallar atamfa, shikenan naki ya nutse.

Saboda haka abu na farko da nake so ki riƙe, duk abinda ke cikin afish ɗin ki sake rubuta shi a ƙasan hoton, wajen da ake sa rubutu kafin a tura. Wannan rubutun yana fitowa ko mutum bai sauke hoton ba. Layi uku ya isa, misali taron iyaye, Asabar bayan la'asar ƙarfe 4, a harabar makaranta, kowa ya zo da sefa 2000. Ki sa sunan rana da kwanan wata tare, kuma ki haɗa lokacin da sallah, dan 16h kaɗai wasu zai wuce su amma bayan la'asar ba mai mantawa.

Shi kansa hoton kuma ki rage masa kaya. Nasan furannin nan ƙauna ce tasa kika zuba su, amma ki tuna akasarin iyaye itel ko Tecno ce a hannunsu, wata gilashin ya tsage, ga ranar Garwa in mutum na waje da ƙyar yake ganin fuskar wayar. Baƙin rubutu kan fari ko fari kan kore mai duhu, manyan haruffa, kala biyu, sunan makaranta ƙarami a ƙasa, rana da lokaci su ne zasu fi komai girma. Ayar ma ni dai shawarata ki barta zuwa ranar taro a buɗe da ita, tafi samun girmanta a can. In kin gama ki miƙa wa wata maƙwabciya wayar ta kalla ɗan kaɗan ki karɓe, ki tambayeta yaushe ne taron, in ta kasa faɗa to da sauran gyara. Kar ki tura shi a PDF, hoto kawai. Sanarwa ɗaya kuma magana ɗaya, kar ki cusa walima da bashin kuɗin wata da dokar hijabi waje guda.

Sai maganar da tafi damuna, wato harshe. Mu nan gida ɗaya zaki samu baba na karanta Faransanci, mama Hausa take ji ko Fulatanci amma bata karanta boko, kaka kuma sai ajami. Kuma a gidaje da yawa uwar ce ke shirya yaro, ita zata tuna da taro. To ki bi hoton da saƙon murya gajere, kar ya kai minti ɗaya, ɗaya da Hausa ɗaya da Fulatanci, da muryar shugaban makaranta in zai yiwu dan iyaye sun santa suna ganin girmanta. Ni a ganina wannan saƙon muryar yafi duk adon Canva kawo mutane.

Lokacin turawa ma ki lura dashi, bayan isha'i da safe bayan asuba hankali yafi kwanciya. Ki tura saura mako ɗaya, ki maƙala saƙon a saman gurup, WhatsApp na bari ki maƙale shi na awa 24 ko kwana 7 ko 30, sannan ana gobe ki sake tunatarwa da layi ɗaya. Ki sa musu ƙuri'ar nan ta zan zo ko bazan samu zuwa ba, danna ɗaya ce, ke kuma kin san yawan tabarmin da za'a shimfiɗa. In kika danne saƙonki kika shiga bayaninsa zaki ga waɗanda suka karanta, waɗanda basu karanta ba sai a basu takarda ta hannun yara ko a kira su, liman ma ya ɗan faɗa bayan sallah.

Na walimar nan kuma kar ki sa hoton yaran da suka sauke sai kin tambayi iyayensu tukuna, musamman ƴan mata, dan hoto in ya shiga status baki san inda zai tsaya ba. Sunayensu ma ya wadatar, uwa in taga sunan ɗiyarta da kanta zata tura wa dangi har Marwa da Gaundare. Ki rubuto mana bayan walimar muji mutum nawa suka zo.