Jaket ɗin polyester a zafin Katsina

Malam, ka ce ka ga jaket ɗin kamfanin tufafi na Hugo Boss amma na polyester ne, kana tambaya ko zai yi daɗin sawa a Katsina. Suna dai ba ya hana zufa. Daga man fetur ake yin zaren, ba ya tsotse gumi kamar auduga. A Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, singileti sai ta manne maka a baya. Da hunturu kuwa, kan babur da asuba, ba laifi, yana tare iska. Juya shi ka duba 'yar takardar ciki: in shafinsa viscose ne (yadin da ake yin zarensa daga itace), ya fi na polyester sanyi a jiki. Ni kam lilin ko ulu mara nauyi zan nema, ko da a gwanjo ne.