Amsar tambayarki kan maganin lantarki na mutanen da

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin ci karo da galbanizam da faradizam da faranklinizam a karatunku na gashin ƙashi, kina son sanin ma'anarsu, da ko gaskiya ne Turawan da suna magani da lantarki.

Ƙwarai kuwa, al'adarsu ce, kuma kalmomin nan uku sunayen mutane ne. Galvani likita ne a Italiya. A 1791 ya wallafa yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke zabura idan lantarki ya taɓa jijiyarta, sai aka laƙaba sunansa ga wutar batir mai gudu ba yankewa. Ta Faraday na Ingila kuwa tana zuwa tana katsewa, tsoka ta riƙa harbawa. Da ita Duchenne, wani likitan Faransa, yake gane tsokar da ta daina aiki. Faranklinizam shi ne tartsatsin da ake samu daga goga abu, irin wanda riga ke yi da hunturu. Franklin na Amurka ya gwada shi a kan masu shanyewar jiki, ya kuma faɗi gaskiya cewa bai ga sauƙi mai ɗorewa ba. Ina ganin girmansa saboda wannan.

Amma fa kifi ya riga su duka. Ina yaro na sa hannu cikin koma na damƙi minjirya, hannun ya mutu mini har kafaɗa, na saki na faɗi zaune a cikin ruwa. Larabawa suna kiran irin kifin nan ra'ad, asalin kalmarmu ta aradu. A Rum, tun ƙarni na 1, likita Scribonius Largus yakan sa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan ja.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda 'yan kasuwa suka hau kan sunayen nan. Wajen 1900 a Amurka ana sayar da ɗamarar lantarki, wata ma sai an jiƙa ta da ruwan khal, wai tana maganin ciwon baya da raunin mazakuta. Mutum ya ji ɗan cizo a fata, ya ɗauka waraka ce ta zo.

Ku dai abin da ya tsira daga gwaji shi ake koya muku, wato motsa tsokar da ta yi rauni da rage zogi. In kin zo hutu ki taho mini da littafin in duba hotunan. Ki gaida mahaifiyarki.