Harajin kwastam a kan ƙananan kayan da ake saye da sayarwa ta intanet

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karon duk a kan kwastam suke, daga masu odar kaya zuwa masu tura nasu waje. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, ina odar skirin da bakin caji daga AliExpress. An ce yanzu kayan da ba su wuce dala 300 ba babu kwastam a kansu. Gaskiya ne? Idan na raba odar dala 900 gida uku fa?

Amsa: Gaskiya ne Malam, amma da sharaɗi. Tun ranar 8 ga Satumba 2025 Hukumar Kwastam ta Najeriya ta yafe harajin shigowa ga kayan da darajarsu ba ta haura dala 300 ba, idan sun zo ta kamfanonin aika saƙon gaggawa ko a jakar matafiyi. Sau huɗu kawai ake cin wannan rangwame a shekara, kuma bai shafi kayan da aka haramta ko aka taƙaita shigo da su ba. Ka ga idan ka raba odarka gida uku, ka cinye uku cikin huɗun a tashi ɗaya. Sannan ƙunshi uku masu suna ɗaya da adireshi ɗaya, da suka sauka tare, jami'i na iya ɗaukarsu a matsayin kaya ɗaya. Mai saye jefi-jefi aka yi wa rangwamen, ba wanda ke cika shago duk wata ba.

Idan kaya sun haura dala 300, ba rarar da ta hau kai kaɗai ake cajewa ba, duka kuɗin ne. Ana haɗa farashin kaya da kuɗin dako da na inshora, a juya su zuwa naira da canjin da kwastam ke aiki da shi a ranar, ba na 'yan canjin Wapa ba. Kason harajin ya danganta da lambar HS ta kayan, wato lambar da kwastam ke rarraba nau'in kaya da ita, kuma a tsarin ECOWAS matakai biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Mu ƙaddara kayanka na dala 400 ne, dako dala 50, kaso kuma 10 cikin ɗari. Haraji ya zama dala 45. Sai VAT na 7.5 cikin ɗari, wanda ke hawa kan jimillar 495, wato kusan dala 37. Ka biya dala 82 ke nan, ban da ƙananan caje-caje da ladan kamfanin da ya fitar maka da kayan.

Masu sayarwa a China kan tambayi mai saye nawa za su rubuta a takardar kaya. Ka ce su rubuta gaskiya. Kwali cike da skirin 40 an rubuta masa dala 20 shi ne abin da ke sa a buɗe kaya, a sake yi musu kuɗi, wani lokaci a ƙwace. Idan kuma kayan sun ɓace ko sun farfashe a hanya, diyyar ba za ta wuce abin da aka rubuta ba.

Tambaya: An turo mini saƙon tes cewa kayana na Temu suna tsare a filin jirgi, in taɓa wani liƙau in biya kuɗin kwastam kafin awa 24. In biya?

Amsa: Kada ki taɓa shi, Hajiya. Ki buɗe manhajar da kika yi odar a ciki, ki kwafi lambar bin sawun kayan, ki duba ta a nan ko a shafin 17TRACK. Idan da gaske an riƙe kaya, a nan za ki gani. Kuɗin kwastam na gaskiya yana zuwa da takarda mai ɗauke da lambar kayanki da bayanin lissafi, kuma ba a tura shi asusun wani mutum. Masu wannan saƙo da gangan suke neman kuɗi kaɗan, domin lambar katinki da OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo miki ta waya, suke farauta. Idan har kin riga kin shigar da su, ki rufe katin yanzu ta manhajar bankinki ko ki kira bankin.

Tambaya: Ina sayen huluna da jakunkunan fata a Kurmi, ina tallarsu a Instagram. Yawancin kwastomomina 'yan uwanmu ne mazauna Amurka. Wata ta ƙi karɓar kayanta saboda an nemi ta biya ƙarin kuɗi. Me ya canza?

Amsa: Daga 2016 Amurka ta riƙa barin duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba ya shiga babu haraji. A 2025 gwamnatin Trump ta soke wannan, da farko ga kayan China da Hong Kong a ranar 2 ga Mayu, sannan ga sauran ƙasashen duniya daga 29 ga Agusta. A lokacin NIPOST ta sanar da cewa duk kayan da za a aika Amurka ta gidan waya, ban da wasiƙu da takardu, sai an biya musu dala 80 tun daga Najeriya. Jakar dala 40 da harajin dala 80 ba ciniki ba ne. Ta kamfanonin aika saƙo kuwa da kaso ake lissafawa, kuma a wancan lokaci 15 cikin ɗari aka ɗora wa kayan Najeriya. Alƙaluman Amurka suna yawan sauyawa, don haka kafin ki yanke wa kwastoma farashi ki tambayi kamfanin da zai ɗauki kayan adadin ranar.

Abin da ya faru da ke ya samo asali ne daga wurin cike fom. Akwai zaɓi biyu, DAP da DDP. Da DAP mai karɓa ne zai biya haraji a can, da DDP kuma ke za ki biya tun daga Kano. Wadda ta riga ta biya kuɗin kaya, sannan aka ce ta ƙara, gani take an yaudare ta. Idan ta ƙi karɓa, ko dai a dawo miki da kaya a caje ki dakon dawowa, ko ki yafe su. Ki zaɓi DDP, ki zuba harajin cikin farashi, ki faɗa mata tun a hira cewa babu ko sisi da za ta ƙara.

A takardar kayan kada ki rubuta "kyauta" alhali sayarwa kika yi. Rangwamen kyauta na dala 100 na tsakanin mutum da mutum ne, ba na ciniki ba. Ki fayyace kowane abu: hula guda nawa, da wane zare aka yi ta, jaka fatar akuya ce ko ta saniya, farashin ɗaya, da cewa a Najeriya aka yi. Fatar kada ko ta maciji tana buƙatar izini na musamman. Kilishi kuma kada ki cusa shi a matsayin gyara, Amurka ba ta barin irin wannan nama ya shiga, kuma zai iya jawo a tsare kwalin duka. Idan kwastomominki suna gari ɗaya, haɗa odarsu a kwali ɗaya zuwa hannun amintacce guda yana rage kuɗin dako da ladan fitar da kaya.

Masu tura wa Turai su sani cewa tun 1 ga Yuli 2021 kowane ƙunshin ciniki da ya shiga Tarayyar Turai yana biyan VAT, komai ƙanƙantarsa.

Tambaya: Na yi odar fawa bank da kebul rana ɗaya. Kebul ya iso, fawa bank shiru. Kwastam ne suka riƙe?

Amsa: Da wuya. Batirin litiyam yana cikin kaya masu haɗari a dokar sufurin jiragen sama, kuma ba a loda shi tsurarsa a ɗakin kaya na jirgin fasinja. Shi ya sa ake ware shi ya jira jirgin dakon kaya ko ya biyo ta ruwa. Duba bin sawun: idan bai nuna kayan sun iso Najeriya ba, babu ruwan kwastam. Ka lura da ranar da wa'adin kariyar mai saye zai ƙare a manhajar, ka shigar da ƙorafin neman kuɗinka kafin ta cika.