Ga ƙanen da Fiziks ta kayar a WAEC

Ƙanena da ya rubuto cewa sakamakonsa ya fito, komai ya yi kyau sai Fiziks da ya samu F9, ga shi injiniyanci yake so, Baba kuma ko gaisuwa da kyar yake amsa masa: sannu, Allah ya sanyaya maka. Wallahi ciwon nan ba baƙo ba ne a wurina. Ka sa lambar kati, shafi ya buɗe, ido ya tsallake duk B da C ya dira kan F9, kunne ya yi ɗum, ka sake dubawa ko sunan wani ne. Wannan ma da sauƙi. Mai zafin shi ne shiga gida, kowa na "yaya, yaya?", sai wata gwaggo ta ce ai ɗan wane ya cinye duka. Abinci ma ya ƙi wucewa.

Kuma a faɗi gaskiya, ba duk laifin naka ba ne. Akwai malamin da aikinsa cika allo ya ce a kwafa. Shekara uku yaro bai taɓa riƙe agogon auna lokaci ba, bai taɓa haɗa batir da amita mai auna lantarki ba, sai saura mako biyu jarrabawa a buɗe ɗakin gwaje-gwaje mai ƙura, mutum goma kan fendulom (ɗan ƙarfen da ke lilo a zare) ɗaya. In ka yi tambaya a ce kai daƙiƙi ne. Alhali firaktikal maki 50 ne, tiyori 60, obji (na zaɓin amsa) 50, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan aka jefa yaro ba shiri. Abin nan yana ƙona min rai, Allah ya sani.

To, yawanci ba fomula ke kayar da mutane ba, ma'auni ne. An ba ka santimita, raba da 100 ta koma mita. Giram, raba da 1000 ya koma kilogiram. Kilomita 72 a awa, raba da 3.6, mita 20 ke nan a sakan. Tambayar iskar gas kuwa, in ba ka ƙara 273 ka mayar da zafin Kelbin ba, duk lissafin ya rushe. Kafin ka shiga aji danna sin 30 a kalkuleta: in ta ba ka 0.5 lafiya, in ka ga -0.988 tana kan RAD, mayar da ita DEG. A tiyori kada ka dire amsa tsirara. Jera abin da aka ba ka, rubuta fomula, zuba lambobi, sannan amsa da ma'auninta, don mataki-mataki ake ba da maki, ko ƙarshen ya karkace ka tsira da wani abu.

Giraf ma yana cin mutane. Zaɓi sikeli mai sauƙin rabawa, kamar 2, 5 ko 10, ka guji 3 da 7, zanen ya ci fiye da rabin takarda, kowane gefe da sunansa da ma'auninsa. Fensir mai tsini, layi ɗaya miƙaƙƙe ta tsakiyar ɗigogin, ba bin su ɗaya-ɗaya kamar tafiyar maciji ba. Gangaren layin a fitar da shi da babban alwatika. Fendulom a ƙirga lilo 20 a raba lokacin da 20, a kashe fanka, kada a ja shi da nisa.

Af, kada wani ya ruɗe ka da cibiyoyin da ake biya a rubuta maka. Ana riƙe sakamako, wani lokaci a soke gaba ɗaya, ga JAMB na jiranka a kwamfuta da tambayoyin Fiziks 40, ba mai raɗa maka. Kwana karatu da kofi shi ma yaudarar kai ne. Awa ɗaya bayan asuba, tambayoyin shekarun baya guda biyar, littafi a rufe, sannan ka duba inda ka kauce. Rabin wahalar ma lissafi ne, musamman juya fomula, in ka gyara shi sauran ya yi sauƙi.

Hanya ba ta toshe ba. Akwai WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara da farkonta, akwai ta NECO wajen Nuwamba. A ta WAEC ɗin firaktikal a takarda ake yi, ka karanta awo daga zane, sai ka saba da shi tun yanzu. C6 kake nema aƙalla. Jami'o'i da yawa na karɓar sakamako biyu a haɗa, amma duba sharaɗin kwas ɗinka a kundin JAMB, don wasu, musamman likitanci, zama ɗaya suke so.

Baba kuwa, bar shi ya huce, ka bi ta wurin Umma. In za ka same shi, je da ranar rajista da kuɗinta a rubuce, ba da kuka ba. Ka turo mana tambaya ɗaya da ta gagare ka tare da yadda ka yi ta, mu ga inda kake karkacewa.